Yaron da Aka Ɗinka wa Rigar Boka

Har yau idan na ji warin tsohuwar fata, irin buzun da ya sha damina a rataye, sai Gyaɗi-Gyaɗi ta dawo mini, ba wannan ta yanzu mai gadar sama da shagunan gilashi ba, waccan wadda in ka bar titin Zariya ka kutsa lungu ƙafarka ke nutsewa a rairayi, ƙamshin ƙosai da hayaƙin kara su tarbe ka, wani gida ana daka wani gida ana tankaɗe, indararo na ɗigar ruwan jiya a kan tsohuwar fanteka. A soron wani gida cikin lungunan nan akwai wani adudu da murfinsa ya karye. A cikinsa akwai buzun akuya, da jan ƙyalle, da ƙahon rago, da wuri da aka shirya a zare, da layun ƙarya waɗanda muka ɗinka da kwali da fatar tsohon takalmi. Kayan boka ke nan. Nawa ne.

Ba taro aka yi aka ba ni ba. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta yaran layi, wadda wani yayanmu na unguwa ya kafa, ɗan sakandare mai yawo da littafin rubutu a naɗe cikin aljihun baya, biro a maƙale a kunne. Shi ke tsara labari, shi ke raba matsayi, yana zaune a kan dakali muna tsugune a gabansa bayan la'asar, allunanmu na jingine da bango tawada ba ta gama bushewa ba. Yarima ko ango na wani yaro ne fari mai laushin gashi, wanda matan layi ke cewa jinin Fulani ne. Alhaji na mai kumatu ne, a cusa masa matashi a ciki. Amarya kuwa, tunda babu uwar da za ta bar 'yarta ta shigo cikinmu, sai a ɗaura wa mafi hasken ƙananan ɗankwali a yafa masa gyale. In aka zo kan boka, ko ɓarawo, ko ɗan daba, ko maigadi, yayan namu ba ya ma duba littafi. Haɓa kawai yake ɗagawa ya ce, "Duna, ɗauko kayanka."

Duna nake amsawa a lokacin. Sunan yanka sai a makaranta, wajen kiran rajista.

Abin da ke ba ni mamaki in na zauna ina tunanin yaron nan shi ne gudun da yake yi zuwa wajen adudun. Kai yaro, murnar me kake yi haka? Ga ka nan ina ganinka, ƙafafu furu-furu da ƙura, kana ɗaura buzu a ƙugu, kana barbaɗa jawul ɗin da ka roƙo wurin Iya a kan garwashin kasko, kana kumbura murya har maƙogwaro ya yi zafi, kana juya idanu sai farin kaɗai ya rage, hasken aci-balbal na kaɗa inuwarka a jikin zanen da aka rataya a maimakon labule. Ƙanana su ruga su ɓuya a bayan yayyensu. Manya su yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo mai sayar da goro ya taɓa kwance bakin aljihu ya miƙa maka sule, ya ce duk wasan kai ne gishirinsa, ka kai sulen ƙarƙashin matashi ka ƙi kashewa sai da aka kwana biyu. Ango kan fito ya faɗi tasa a sanyaye ya koma, gari ya waye ba mai tuna shi. Kai ake tunawa. Don haka ba ka taɓa jin an rage ka da komai ba.

Haka ma a tashe. Da azumi ya kai goma, an sha ruwa an yi asham, sai mu haɗu a bakin rijiyar layi da gwangwanaye da tsummokara, bakin kowa na ƙamshin kunun tsamiya. In za mu yi Macukule sai a kifa tsohuwar tukunya a kankaro gindinta, a haɗa da kunkunniyar rufin madafi, a kwaɓa da ɗan man gyaɗa, a bi fuskoki ana shafawa. Warin nan na toka da ƙauri bai bar hancina ba. Da aka zo kaina mai shafawar ya tsaya, ya ɗaga fitila ya dube ni, ya ce, "Kai ba sai an ɓata baƙin tukunya ba." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa, don a ganina yabo ne, ni kaɗai na zo da kayan aikina daga gida. Muka bi gida-gida muna karya harshe muna kwaikwayon Bagwari, ana zuba mana gero da kwabbai, alhali duk cikinmu babu wanda ya taɓa zama inuwa ɗaya da Bagwari. Sai da na girma aiki ya kai ni wajen Minna na zauna da su, na ci tuwonsu, na ji sunan da suke kiran kansu da shi, Gbagyi. Matar nan da ke bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya, Ladi Kwali, tasu ce.

A layinmu gida ɗaya ne mai akwatin talabijin, baƙi-da-fari, mai ƙyauren katako da ake zugewa, an lulluɓe shi da saƙaƙƙen ƙyalle an ɗora furen roba a kai. Sai ka wanke ƙafa a bakin rariya kafin uwargidan ta bar ka ka zauna a kan ledar ɗaki, in ka makara kuwa taga ce rabonka. A nan muka san Samanja da Hausarsa ta bariki, da Karkuzu, da Kasimu Yero. A nan, ta tashar CTV da NTA, Indiya ta shigo mana. Da muka ƙara tasawa sai Marhaba, can wajen Fam Santa, wadda ake zuwa a sace a ce an tafi bitar karatu gidan aboki, babu rufi sai sararin Allah, ƙasa duk ɓawon rake da na gyaɗa, hayaƙin taba na ratsa hasken majigi, mai tsire na fifita wuta a bakin ƙofa. Kafin a shiga mukan tsaya a gaban allon hotuna, tambayarmu biyu ce rak: wane ne jarumi, wane ne bos? Ba ma neman mai karanta mana. Fuska muke dubawa.

Fim ɗin Burus Li na 1973, Enter the Dragon, ya tsufa kafin ya iso gare mu, ya sha yanka da liƙi, layuka na zuba a jikinsa, amma a cikinsa na fara ganin wanda na ce nawa ne. Wani dogon baƙar fata mai tulin gashi, Jim Kelly, yana tafe yana taƙama, yana zubar da ƙarti ko ransa bai ɓaci ba. Na miƙe tsaye a kan benci. Na zunguri na kusa da ni na ce wannan ni ne, kowa ya nemi nasa. Ba a kai ƙarshe ba bos ya kashe shi, aka nuna gawarsa a rataye. Baturen da suka zo tare ya rayu. A hanyar komawa, muna ratsa Tarauni cikin duhu, karnuka na haushi, silifas a hannu don kada a ji shigarmu gida, wani babba a cikinmu ya ce mini, "To kai da ma ba ka sani ba? Baƙi ai ba ya kai ƙarshen fim." Ba da mugunta ya faɗa ba, yadda ake gaya wa yaro wuta na ƙuna ne. Daga ranar na riƙa lura. A Commando na 1985 ma baƙin yaron bos ne, a ɗakin otal jarumi ya gama da shi. Sai na daina zaɓar su. Na koma Burus Li tare da kowa.

Indiyawa kuwa, su da muke ganin sun fi kusa da mu, masu kunya da durƙusa wa iyaye da auren dole irin namu, nasu tsarin ya ma fi fitowa fili. Jaruma fara ce tas, kullum. Darmendara da muke kira Sarkin Ƙarfi fari ne. Yaran bos da ke ɓullowa daga bayan buhuna da sarƙa a hannu su ne masu duhu, masu jajayen idanu, waɗanda naushi ɗaya ke kai su cikin tulin kwanduna. Mitun na Disco Dancer shi ne ya ɗan yi duhu a cikin manyan jarumai, shi ya sa na yanko hotonsa daga jikin kalanda na liƙa da tuwo a bangon ɗakinmu, har sai da kyankyasai suka cinye gefen. Akwai kuma wani fim na 1983, Razia Sultan, labarin sarauniyar Delhi da bawanta Bahabashe mai suna Yaƙutu. Ga matsayin baƙar fata, na jarumi, mai doki da takobi, wanda sarauniya da kanta ke so. Sai aka ɗauko Sarkin Ƙarfi aka shafe shi da baƙi. Na zauna ina kallon wuyansa ina neman inda shafin ya ƙare. Ashe su ma suna tashe.

Fim ɗin da ya fi sa mu birgima a ƙasa shi ne na mutumin dajin Kalahari da kwalbar Coca-Cola ta faɗo masa daga jirgin sama, siriri ɗan bante, yana magana yana ƙyasta harshe. Ko kusa bai zo mana a rai ba cewa a wasu ƙasashen masu kallo na ganinsa su ce ga Afirka nan, mu duka, har da Kano da ganuwarta da malamanta.

Iya ce, kakata ta wajen uwa, ta fara sa mini tambaya a rai. Ba ta zuwa kallon wasanmu, amma labari na iske ta a kan tabarmarta, inda take kaɗi da mazari, tandun kwalli da guntun alli a gefe, ɗakin na ƙamshin man kaɗe da tsohuwar auduga. Wata rana na shigo da jan ƙyallen a wuya ina warin hayaƙi, ta dube ni ta ƙasan ido ta ce, "Maigidan, wai kai kullum boka? Duk garin wasan naku babu liman ne, babu malamin makaranta?" Na ce akwai, Iya, amma ba su dace da ni ba. Ta ce, "In ji wa?" Na rasa ta cewa. Ta dangwali alli ta ci gaba da kaɗinta, sai can ta ce in je in tambayi malaminmu na allo wane ne ya fara kiran salla a Musulunci, kuma yaya launin jikinsa yake.

Sunan Bilal na san shi a baki. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a kwaikwaye shi, sai da kaset ɗin Ar-Risala, fim ɗin Mustafa Akkad na 1976, ya zo gidan mai bidiyo, ɗaki ya cika har da dattawa masu carbi, ba mai tari ba mai motsi. Wanda ya fito a matsayin Bilal a na Turancin, Johnny Sekka, haifaffen Dakar ne. Da aka kwantar da shi a rana aka danne ƙirjinsa da dutse na ce a raina shi ke nan, an zo wurin, yanzu zai mutu. Bai mutu ba. Ya tashi, ya hau sama ya kira salla, kuma ba wanda ya yi dariya. Ya kai ƙarshen fim. Na fito daga ɗakin nan ina jin tsawona ya ƙaru.

Da wannan ƙarfin na tari yayanmu a kan dakali na ce ina son ango a wasan salla. Bai yi mini tsawa ba. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini tsayuwa a gaban jama'a, shi ke saya mini gurasa da ƙuli in mun tashi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ba ƙi nake ba. Da ka leƙo za su fara dariya tun ba ka buɗe baki ba. Sun riga sun san ka." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta zauna mini. Mu muka koya wa unguwa cewa fuskata ta dariya ce da tsoro, unguwa ta haddace, ga shi yanzu ita ke hana mu sakewa. Fushina bai kai magariba ba. Da salla ta zo na ɗaura buzuna, kuma ranar na fi kullum iyawa.

Sai ga abin ya tashi daga soro ya koma kaset. A 1990 'yan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya, kafin shekara goma ta cika titin Gidan Zu, nan kusa da mu tafiyar ƙafa, ya cika da ofisoshin 'yan fim, benaye masu allon suna, samari da kyamara a kafaɗa, fiyano na tashi daga situdiyo, yara na leƙen taurari a teburin mai shayi. Sangaya ta fito a 1999, Wasila ta biyo baya, mujallar Fim na yawo hannu-hannu har bangonta ya cire. Ni ma na yi zaryar benayen nan da ɗan hotona a aljihun gaba. Duk inda na shiga kallo ɗaya ake mini a ce akwai wurin ɗan daba, ko maigadin gidan Alhaji, ko aljani. Littafin yayanmu ne dai aka sake wa bango. Na yi 'yan fitowa a bayan wasu riƙe da gora, daga baya na kama koyarwa na bar musu. Kallo ne ban bari ba.

Shi ya sa Ibro ke taɓa ni ta wani wuri daban. Rabilu Musa, ɗan Ɗanlasan, tsohon gandiroba, mutumin da in ya leƙo da kai kawai ta bakin ƙofa gida ke rushewa da dariya. Shekara da shekaru yana fitowa a baƙauye, a malamin tsibbu, a duk wanda za a yi wa dariya, Ɗan Gwari na gefensa yana karya harshe irin wanda muka karya a tashe. Amma in na sake kunna tsofaffin fina-finansa nakan jira wurin da aka ci masa mutunci a labarin, kafin ya juya abin ya zama wasa. Akwai ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido ba, da fuskarsa ke sauka, idonsa ya yi wani irin nisa. Duk wanda ya taɓa ɗaura buzu ya san wannan wurin. Ni dai na yi imani akwai ɗan wasan da zai iya sa Kano kuka a jikin mutumin nan, kasuwa ba ta ba shi fili ba, mu masu sayen kaset ɗin ma ba mu nema ba. Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, bai daɗe da haye arba'in ba. Allah ya jiƙansa.

Haka Daso, Saratu Giɗaɗo. Tun Linzami da Wuta a 2000 aka ɗaura mata ɗamarar masifa, yau muguwar kishiya, gobe uwar miji mai baƙin ciki, jibi matar da ke sallama a ƙofar irina, boka. Na san gidan da ake tsorata yaro da sunanta. Ranar da ta rasu, 9 ga Afrilu 2024, a jajiberin ƙaramar salla, abin da abokan aikinta suka yi ta ambata shi ne fara'arta da barkwancinta. Wannan matar ba mu gan ta a allo ba sai jefi-jefi. Shu'aibu Lawan ma, Kumurci, sunan daba na fim ya cinye masa na yanka.

A wajen mata abin ya fi ciwo, don su fata ake fara aunawa kafin a ji murya. Farar mace alkyabbar mata, haka muka taso muna ji a gidan biki. A fim ko cikin kuyangi ne, da ka hango wadda ta fi haske ka san ita yarima zai aura. Baƙar ita ce 'yar aiki mai wanke-wanke a bakin rariya, ko ƙawar amarya mai kai saƙo, ko 'yar ƙauyen da za ta ga fanka ta ruga. Na ga yarinyar da ta shiga harkar da launinta mai kyau irin na Iya, baƙi mai sheƙi, ba a jima ba na kasa gane ta a jikin fasta, gaɓoɓin yatsu ne kaɗai suka ƙi bin man bilicin. Ban ga laifinta ba. Ta duba littafin ne ta ga layin da aka rubuta sunanta.

Akwai wani Buzu da ke gadin wani gida a bakin layinmu, cikin waɗanda fari ya koro daga Nijar. Dogo ne, rawani ya rufe baki, takobi a jingine, 'yar butar shayi shuɗiya kullum a kan garwashi tana ƙamshin ganye da ƙonannen sukari. In ya ga dama sai ya share ƙasa da tafin hannu ya rubuta mana sunayenmu da wasu haruffa nasu masu ɗigo da da'ira, ya ba mu labarin raƙumansa da suka kwanta ɗaya bayan ɗaya ba su tashi ba. Mutum ne mai nauyi, ko dariya ba ya ɗaga murya. Buzun wasa kuwa wawa ne mai gyangyaɗi a bakin ƙofa, wanda ɓarawo ke zare wa takobi yana minshari. Na sha naɗa rawani in fito a shi, a soron da taku kaɗan ne tsakaninsa da inda na gaskiyar ke zaune yana fifita garwashi.

Sai da na je kudu bautar ƙasa na ga abin ta ɗaya gefen. A falon masaukinmu aka sa fim ɗin Legas, sai ga maigadi ya fito a guje zai buɗe ƙofa, hula a karkace, haƙora ja da goro, rediyo a kunne, yana kwaɓa Turanci. Sunansa Musa. Falo ya ɗauki dariya, aka juyo ana dubana ana cewa aboki, ga ɗan'uwanka. Ba da ƙeta suka yi ba, kwano ɗaya muke ci da su. Amma ranar na ji ɗacin Macukule a bakina. Ƙasar da ta yi Malam Aminu Kano da Alhassan Ɗantata da Maitama Sule, a allon Nijeriya ba ta wuce buɗe ƙofa ba. Na daɗe ina jiran akasin haka. Ali Nuhu ya shiga cikin 'yan fim ɗin Legas har ya karɓi kyauta da Sitanda a 2007, sannan a 2014 Kunle Afolayan ya fitar da October 1, Sadiq Daba ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa mai bincike, mai natsuwa, wanda duk labarin ke bin sawunsa. Na kalle shi ni kaɗai ina murmushi, irin na ranar Bilal.

A littattafai kuma na iske ashe yaron soron nan yana da dangi a nesa. Hattie McDaniel, baƙar fata ta farko da ta karɓi kyautar Oscar a Amurka, a 1940, da matsayin baiwa mai raino a Gone with the Wind ta karɓe ta, kuma a daren bikin teburi daban aka ware mata a gefe, nesa da fararen da suka yi fim ɗin tare. Kafin nan da bayan nan 'yar aikin gida ta yi ta fitowa. 'Yan'uwanta baƙaƙe sun soke ta, ana cewa amsarta ita ce gara ta fito a 'yar aiki a biya ta da kyau da ta zama 'yar aikin gaske. Na fahimce ta sarai. Sulen mai goro ne ya girma. Paul Robeson kuwa, lauya kuma mawaƙi, ya yarda ya fito a sarki Bosambo a Sanders of the River na 1935, labarin da aka ɗora a Nijeriyar zamanin Turawa, yana zaton zai nuna Afirka da mutuncinta. Da aka gama haɗawa ya ga an mai da shi yaron Baturen mulki mai biyayya, sai ya barranta da fim ɗin. Shi ya ƙi, ita ta haƙura, kuma ban iya ɗora wa kowannensu laifi ba, don ƙofar da aka buɗe musu ke nan.

Ba na cewa ba a motsa ba. Daɗin Kowa na Arewa24 ya nuna ana iya sa wanda ba Bahaushe ba a labari ya zama maƙwabci mai hankali, ba abin dariya ba, kuma mutane suka zauna suna kallo shekara da shekaru ba su gaji ba. Amma har yau in na tsaya a gaban sabuwar fasta, tun daga nesa nakan faɗi wadda za a aura da wanda za a kama, kuma ba kasafai nake kuskure ba.

Ku da ke raba matsayi a benayen titin Gidan Zu, yawancinku ƙannena ne, wasu ma 'ya'yana. Na san amsarku, na ji ta tun ina yaro: masu kallo za su yi dariya. Za su yi, a fim na farko, wataƙila har na biyu. Koya musu aka yi, kuma a hannunku allon yake. Ku ba baƙar yarinya amarya da fatarta yadda Allah ya yi ta, ku hana mai kwalliya ƙara mata haske. Wanda ya shekara goma yana boka ku ba shi uba ko alƙali tun yana da rai, kada a jira zaman makoki a ce ashe ya iya.